Gwangwanin Shuɗin Fenti

Tsanin bai karye ba, bai kuma goce ba. Mutumin da ke kansa ne kawai ya saki buroshi, ya rungumi matakala, ya sulalo ƙasa a hankali kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Mai Aski ya ga abin ta cikin madubin shagonsa, yana tsakiyar gyara wa wani mutum ƙeya. Da farko ya ɗauka iya shege ne, don maƙwabcin nan nasa ba ya rasa abin da zai tara wa kansa jama'a da shi.

"Tashi, tsohon banza," ya ɗaga murya, bai ko juyo ba. "Birgima ba ta kawo ƙuri'a."

Ba a amsa ba, kuma shirun ne ya tsinka masa zuciya, domin tun da suke bai taɓa jefa wa Mai Fenti magana ta faɗi ƙasa ba. Ya ajiye injin askin yana ta kuka a kan tebur, ya fita da irin gudun da ƙafafunsa suka daɗe da mantawa. Ya tarar da shi kwance a gindin katangar da ke fuskantar shagon, baƙin fenti ya kife ya jiƙe masa hannun riga, bakinsa ya karkace gefe guda. A bangon da ke bisa kansa ga zanen guga nan an gama shi tsaf, igiyarsa ce kawai ba a kai ga ja ba.

"Igiyar…" in ji Mai Fenti, maganar tana fita da ƙyar.

"Rabu da igiya, don Allah. Kama wuyana."

Mutumin da aka bari da rabin kai a aske shi ya tare musu tasi, shi ya kama ƙafafu, har yanzu da mayafin aski ɗaure a wuyansa. Mai Aski ya zauna a baya ya ɗora kan maƙwabcinsa a cinya, ya lalubo waya ya kira Auta, 'yar Mai Fenti, wadda ke koyarwa a wata makarantar firamare can ƙetaren gari. Sai da suka kai ƙofar asibiti ya tuna bai kashe injin ba, bai kuma rufe shago ba.

Unguwa ba ta san Mai Fenti da wani suna ba sai Bana-Bana, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana da baƙin gashi ya shiga jam'iyyar adawa mai alamar gugan ɗiban ruwa, jam'iyyar da ba ta taɓa leƙa fadar shugaban ƙasa ba ko da ta taga. Duk zaɓen da ya matso sai ka ji shi yana cewa, "Bana ne." A sha kaye, ya ɗan ɓuya a ɗaki, sannan ya fito yana wanke buroshinsa yana cewa ai an ga alama, na gaba ne. Sana'arsa rubuta allunan shaguna ce, sana'ar da injinan buga takardu suka daɗe da shaƙe wa wuya, amma guga kam kyauta yake zana shi, a duk bangon da mai shi ya kau da kai.

Yana da wata ɗabi'a guda da ta sa ake gane hannunsa. A tutar jam'iyya gugan cike yake, ruwa har yana zuba ta baki. Shi kuwa wayam yake barin nasa. Ya ce ranar da aka ci zaɓe zai ɗauki tsani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cika su da hannunsa. Don wannan ranar ya sayi gwangwanin shuɗin fenti tun Auta tana rarrafe, ya ɗora a saman kabad, bai taɓa ɓalle murfinsa ba. Ga Auta yanzu da nata 'ya'yan, gugaye kuwa suna nan a bangwayen gari da ƙishirwarsu.

Mai Aski ma ɗan guga ne, kada a yi masa ƙazafi. Ranar zaɓe shi ke riga kowa shiga layi. Bakinsa ne dai ba ya furta alheri. Sau ɗaya ya taɓa sa rai, a wata shekara tun matarsa tana raye, har ya wuni yana yi wa mutane aski kyauta ana jiran sakamako. Da aka faɗa a rediyo, ya share gashin da ya taru a ƙasa, ya rufe shago. Tun daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa zai riƙa jefa ƙuri'a, amma ba zai sake barin zuciyarsa ta bi ta cikin akwati ba.

A da bencin ƙofar shagonsa ba ya isar 'yan guga da yamma, wasu a tsaye suke shan muhawara. Sai aka fara raguwa. Direba ya tsallaka wajen masu mulki, ya dawo da sabon babur da sabuwar hanyar da ba ta biyowa ta gaban shagon. Tsohon Malami ya rasu. Mai Shayi ya ce shi siyasa ta fita ransa, ya kwashe teburinsa ya koma tasha. 'Ya'yan Mai Aski maza suna wasu garuruwa, sai dai murya a waya, ita ma ta ɗan lokaci. Benci ya rage mutum biyu, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, suna musu guda ɗaya da ba ya tsufa. Bango ɗaya ne ya raba ɗakunansu, kuma kullum da safe Mai Fenti kan ƙwanƙwasa shi da ƙotar buroshi ya ce, "Bana ne!" Mai Aski kuma ya amsa daga kan gadonsa, "Ko baɗi!" Da haka kowannensu yake sanin ɗan'uwansa ya kwana lafiya.

Da aka sallamo Mai Fenti, Auta ta tsaya a bakin shagon tana murza gefen mayafinta. Matar Mai Aski ce ta goye ta bayan rasuwar uwarta, saboda haka Kawu take ce masa.

"Kawu, ba sauƙi ne ya sa aka sallame mu ba," ta ce a hankali. "Likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma abin zai iya sake bugowa ko yaushe. Ya ce mu kai shi gida mu kyautata masa."

"Shi ya sani?"

"A'a. Ya ɗauka warkewa yake yi. Tun a mota yake tambayar wanda ya ɗauke masa tsani."

Mai Aski ya ɗauki tsumma ya hau goge madubin da ba shi da datti. Da ta tafi ya zuba reza da sabulu da tawul a 'yar jakarsa, ya zagaya.

Ɗakin Mai Fenti kullum warin kananzir yake yi, wanda ake jiƙa buroshi a ciki. Gadon ƙarfe a manne da bangon da ya raba su, rediyo a kan kujera, a lungu kuma tsofaffin allunan shagunan da suka mutu, an jingina su fuska ga bango. Mutumin ya ƙanƙance a cikin zanin gado. Hannunsa na dama, wanda ya yi shekaru yana jan layi miƙe ba ma'auni, yana yashe a gefensa ba motsi.

"Ka zo ka ga ko na mutu?" Maganar tana jan ƙafa, amma ana ganewa.

"Na zo in sare wannan dajin da ke fuskarka. Su asibitin ba su san reza ba ne?"

"Ina labari?"

Mai Aski ya kaɗa kumfa, ya fara shafa masa. Ya so ya ce babu labari, amma harshe ya saba da hanyarsa. "Ma'ajin jam'iyya na gundumarmu ya tsallaka. Jiya aka nuna shi yana rungumar mutanen da ya ce ɓarayi ne."

"Madalla. An rage mugun iri."

"Haka ka ce da Direba ya tafi. In aka ci gaba da rage mugun irin nan, ni da kai za mu rage, kai kuma ga ka a kwance."

"Matasa fa? Ka ga layin masu karɓar katin zaɓe?"

"Na gani. Na kuma san wanda zai ƙirga."

Ai kuwa sai Mai Fenti ya yunƙura, ya ɗaga hannun hagu yana nuna rufi, yana jero garuruwan da ya tabbata an gama da su, da waɗanda suka kusa, da waɗanda ake jin kunyar faɗa ne kawai. Miyau yana zubo masa ta gefen bakin da ya mutu, Mai Aski yana sharewa da tawul yana cewa, "Tsaya mana kar in yanka ka, mafarkinka ba zai gudu ba." Kafin a gama askin jini ya dawo fuskar mara lafiya. Ya kira Auta ya ce yunwa yake ji, ya kuma cinye abin da ta kawo tas. Washegari da safe aka ƙwanƙwasa bango, da rauni, amma an ƙwanƙwasa.

Haka aka ci gaba, kullum da la'asar Mai Aski ya zagaya da jakarsa ko da babu gashin askewa. Auta tana jin su daga tsakar gida inda take wanke zannuwan gado, kuma abin yana ci mata rai. Ita ba musu take ji ba. Tana jin mutum mai lafiya ne ya tsaya a kan ubanta da ke bakin mutuwa yana rushe masa abu ɗaya da ya rage masa. Wata rana ta tare shi a ƙofa, hannunta duk kumfa.

"Kawu, ina da roƙo."

"Faɗi, 'yata."

"Baba da wuya ya ga ranar zaɓen nan. Kai ma ka sani. Me zai ragu a jikinka in ka ce masa za a ci? Sau ɗaya tak. Kowa ya faɗa masa, ni ma na faɗa, amma naka yake jira. Shekara da shekaru naka yake jira."

"Ban iya ba, Auta."

"To ka koya mana!" Muryarta ta karye. "Ƙarya ce za ta gagare ka? Ka bar shi ya tafi da daɗin bakinka, Kawu. Ni ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Ya dube ta, ya ga yarinyar da ke yin barci a kujerar askinsa tana jiran ubanta ya sauko daga tsani. Ya koma shago ya zauna, maganarta tana yi masa kai-kawo. Wataƙila duk shekarun nan zalunci yake yi yana kiransa gaskiya. Kuma in mutumin ya mutu, ashe abin da zai tafi da shi daga bakin abokinsa ke nan, ko baɗi.

Ana cikin haka aka yi shelar ɗan takarar adawa zai zo babban filin da ke bayan tasha. Rabon Mai Aski da taron siyasa tun rasuwar matarsa, amma ranar ya rufe shago ya tafi, yana gaya wa kansa cewa in zai yi ƙarya gara ya samo abin da zai jingina ta da shi.

Bai sami hanyar shiga filin ba, a bakin titi ya tsaya. Mutane har kan rufin motoci, har kan rassan itatuwa, yawancinsu yaran da bai san iyayensu ba. Wani saurayi kusa da shi yana ta ihu muryarsa ta dushe.

"Wannan karon ba ma barin rumfar zaɓe sai an ƙirga a gabanmu!"

"Mu ma haka muka ce," in ji wani dattijo mai sanda, bai ko ɗago kai ba.

"Ni dai zan jefa," wata mata mai sayar da ruwan sanyi ta ce tana miƙa canji. "In sun ga dama su ƙirga, in sun ga dama su dafa su ci. Ba dai za a ce ban fito ba."

Daga inda yake ba ya jin abin da ɗan takarar ke faɗa, amon lasifika kawai yake ji da amsawar jama'a, wadda ke tasowa daga can gaba ta zo ta wuce ta kansa. A bangon wani shagon taya ya hango ɗaya daga cikin gugayen Mai Fenti, ya koɗe, samari sun jingina da shi ba su san ma akwai shi ba. Sai ya ji wani abu ya motsa masa a ƙirji, abin da ya binne tun ranar askin kyauta, ya kuma ji haushin kansa ƙwarai. Ya juyo gida da sauri tun taron bai watse ba, shi kaɗai a titin da kowa ya bari.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga ɗakin. Auta tana zaune a bakin gado da kofi a hannu. Mai Fenti ya juyo da ido ɗaya mai rai, har ya gyara kwanciya, ya shirya wa musu.

"An ce ka je fili. Kai? Me ya kai ka, ɓatan hanya?"

Mai Aski ya zauna a kujera, ya ɗauke rediyon ya riƙe a cinya. Ya dubi Auta, ta gyaɗa masa kai kaɗan.

"Na je, na gani," ya ce. "Maƙwabci, bana kam za mu ci. Bana ne."

Ya zaci zai ga murna. Auta har ta fara murmushi. Amma Mai Fenti bai motsa ba, ya kafe shi da ido ya daɗe, irin kallon da yake yi wa allo in ya ga harafi ya karkace. Sannan ya mai da idon kan 'yarsa.

"Me likita ya ce?"

"Baba, ai ya ce sauƙi…"

"Auta." Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita. "Mutumin nan ko ruwa ake yi ka ce masa ana ruwa sai ya fita ya taɓa. Yau shi ne ya shigo ɗakina yana ce mini bana ne." Ya rufe ido. "Ashe har na kai nan."

Mai Fenti ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya juya fuska ga bango. Auta ta kai masa kofin baki, ya ƙi buɗewa. Mai Aski ya ajiye rediyon a inda ya ɗauke shi, ya fita ba sallama.

Da safe ya farka tun kafin lokaci, ya kwanta yana kallon bangon. Ya ji motsin Auta a tsakar gida, ya ji ta kunna famfo, ya ji tarin maƙwabcinsa ta cikin bulo, wato yana raye. Amma ba a ƙwanƙwasa ba. Washegari ma haka. Wannan shirun ya fi masa zafi fiye da faɗowar maƙwabcinsa daga tsani, domin wancan ciwo ne ya yi, wannan kuwa da bakinsa ya yi shi. Ya buɗe shago, ya aske wanda ya zo, ya zauna a gefensa na benci, ya rasa wanda zai ce wa ba za ta yiwu ba.

Auta ta zo idanunta jajur. "Ya daina cin abinci, Kawu. Ko rediyo ya ce in kashe. Ni na jawo, ka yafe mini."

"Ba ke ba ce. Ni na san shi, ni ya kamata in sani." Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "Ɗora mini ruwan ɗumi."

Ya tarar da shi yadda ya bar shi, fuska ga bango. Bai gaishe shi ba. Ya juyo da shi da ƙarfin hali, ya tokare masa kai da matashi, ya ɗaura masa tawul, ya kaɗa kumfa. Mai Fenti ya bar shi yana yi, ido a rufe. Reza ta fara tafiya, ba a jin komai sai kartarta.

"Taron nan da ake ta zuzutawa," Mai Aski ya ce kamar da kansa yake magana, "rabinsu kallo ya kai su. Da mai wasa da biri ne ya zo, haka za su cika."

Ba amsa.

"Ɗan takarar kuma ba a jin abin da yake faɗa. Wataƙila shi ya sa ake tafa masa."

Fatar idon ta ɗan motsa, amma ba ta buɗe ba. Mai Aski ya goge reza a tawul, ya ɗaga kai ya dubi saman kabad.

"Shi kuma wancan gwangwanin da ka ajiye kana yi wa mutane burga, ya bushe tun ina da haƙorana. Dutse ne a ciki. In an ci ma da me za ka cika gugayen, da miyau?"

"Bai bushe ba."

Maganar ta fito can ƙasa, amma ta fito. Mai Aski ya ɗauke rezar daga wuyan mutumin.

"Ya bushe."

"Ka taɓa buɗewa?"

"Ba sai na buɗe ba. Wane fenti ne zai yi shekarun Auta yana jiran jam'iyyarka?"

"Mai kyau na saya." Idon ya buɗe. "Kai me ka sani a fenti? Ka tsaya a gashi."

"Na tsaya."

A tsakar gida an daina jin motsin wanki, Auta ta tsaya tana saurare. Mai Fenti ya laluba da hannun hagu ya kama gefen rigar abokinsa.

"Ka ba ni tsoro rannan."

"Na sani."

"Mutuwar ba komai ba ce, kowa ita yake jira. Amma ka shigo ka zauna a kujerar nan, na duba ban gan ka ba. Sai na ga ni kaɗai ne a ɗakin." Ya numfasa. "Kar ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba."

"To faɗa mini tsakaninka da Allah. Yaya filin?"

Mai Aski ya daɗe yana kallon kumfar da ke bushewa a kwano. Wannan karon gaskiyar ce ta yi masa nauyi a baki.

"Ya cika," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsa ba. Har kan itatuwa." Ya share hanci da bayan hannu. "Amma ba za su ba mu ba."

Rabin bakin da ke da rai ya ɗaga, wani abu mai kama da dariya ya fito. "Bana ne."

"Ko baɗi."

"Sauko mini da shi."

Mai Aski ya taka kujera ya sauko da gwangwanin. Ƙura ta yi masa hula, tsatsa ta ci gefen murfin, takardar jikinsa ta koɗe ba a ko karanta ta. Mai Fenti ya ɗora tafin hannu a kansa ya ɗan jima, sannan ya tura shi wajen abokinsa.

"Ka riƙe. Kar ka buɗe sai ranar. In iska ta shiga, shi ke nan."

"Ni na ce maka na iya hawa tsani?"

"Ka fara da na ƙasa-ƙasa."

Ranar ya ci abinci, kaɗan dai, amma ya ci. Washegari da safe aka ƙwanƙwasa bango, sau ɗaya, ba murya a bayansa. Mai Aski ya jira ko kalmar za ta biyo, ba ta biyo ba, sai ya kai bakinsa kusa da bulon ya amsa da ƙarfi yadda za a ji. Da hantsi yana cikin yi wa wani aski ya ji kukan Auta ta cikin bangon shago. Wannan karon ya kashe injin tukuna, ya ba mutumin haƙuri, ya kwance masa mayafi.

Mutanen unguwa sun fito jana'iza, ba laifi. Direba ma ya zo a ƙafa, ya tsaya can baya, bai yarda sun haɗa ido da Mai Aski ba. Daga ofishin jam'iyya ba wanda ya leƙo, ana ta hidimar zaɓe, kuma da wuya in akwai wanda ya san sunan mai zana musu guga a can. Bayan 'yan kwanaki Auta ta kwashe kayan ɗakin, ta ba da allunan ga mai sayen tsofaffin ƙarafa, ta sa kwaɗo a ƙofa. Ta tsaya ta yi wa Kawunta sallama, ta ce za ta riƙa leƙowa, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Ana gobe zaɓe unguwa ta yi tsit tun da la'asar. Shaguna sun rufe da wuri, masu tsoro sun sayi abin da za su saya sun shige gida, motocin lasifika sun yi shiru. Ba wanda ya zo aski. Mai Aski ya share shagon da ba gashi a ƙasansa, ya ciro katin zaɓensa daga aljihun tebur ya sa a aljihun rigar da zai sa da safe. Gwangwanin yana kan kanta tun ranar da ya kawo shi, tsakanin kwalbar man gashi da kwalin reza, bai sake taɓa shi ba.

Ya ɗauko shi ya fito ya zauna a gefensa na benci. A ƙetaren titi ga gugan nan a bango, baƙi, wayam, ba igiya. Ya goge ƙurar murfin da gefen rigarsa, ya duba hagu ya duba dama, ba kowa a titin. Sai ya ɗaga gwangwanin ya kai kunne, ya girgiza shi a hankali.

Wani abu mai nauyi ya motsa a ciki, ya tafi gefe guda, ya dawo.

Ya daɗe riƙe da shi a kunne. Sannan ya ajiye shi a ɗaya gefen bencin, ya gyara masa zama don kar ya faɗi, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Suka zauna suna kallon titi har inuwar katangar ta iso ƙafafunsa.